Injin Mai Kwantar da Silinda: A Yi Tunani Kafin a Aika da Mota Yola

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, hirar masu motoci ta sake salo a Yola da Jimeta. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500, kuma a watan Oktoba na 2024 sai da ta wuce Naira 1,000. A tashar Jambutu, kafin a yaba kyan mota sai an tambayi yadda take shan mai.

Wannan magana ta shafi 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, domin sau da yawa su ne ke sayen tokumbo su aika gida. Dillali zai nuna rubutun VVT-i ko VTEC ko VCM a kan inji, ya ce motar ba ta shan mai. To, mene ne gaskiyar lamarin?

Kowace silinda tana da bawul na shigar iska da na fitar hayaƙi. A tsohon inji lokacin buɗewarsu ɗaya ne, ko ana tafiya sannu ko ana gudu. Sabuwar dabara kuwa tana sauya lokacin ko zurfin buɗewar gwargwadon aikin da injin ke yi. Kamfanin Alfa Romeo na Italiya ya fara sa ta a motar kasuwa a 1980, Honda ya fito da VTEC a 1989, Toyota kuma da VVT-i a 1995.

Dabara ta biyu ita ce kwantar da silinda. Idan mota ta miƙe hanya ba a matsa totur ba, ƙwaƙwalwar motar sai ta tsayar da fetur ga wasu silindoji, ta rufe bawul ɗinsu, sauran su ɗauki aikin. Cadillac na Amurka ya gwada haka a 1981, amma na'urar lokacin ta gaza. Honda Accord ta 2008 mai silinda shida, wadda ake kira "Evil Spirit", tana iya tafiya da shida ko huɗu ko uku.

Amma fa a lura. Wannan rangwame a doguwar hanya ake samunsa, kamar daga Yola zuwa Numan da Gombe. A cikin cunkoson Keke Napep na kasuwar Jimeta, inda ake tsayawa ana tashi, silinda shida za su yi ta shan abinsu. Mai zirga-zirgar cikin gari, ƙaramar mota mai silinda huɗu ta fi masa sauƙi.

Haka kuma a waɗannan motoci ƙarfin baƙin mai ne ke motsa dabarun biyu, ta wasu ƙananan hanyoyi masu saurin toshewa. Littafin Accord ta 2008 ya ce a zuba 5W-20, alhali kuwa bakanikai da yawa sun saba da mai kauri, 20W-50. In aka haɗa da ƙurar hunturu da jinkirin juye, sai injin ya fara ciwo. Cire tamostat saboda zafin Yola shi ma ɓarna ce, domin ƙwaƙwalwar ba ta kwantar da silinda sai injin ya ɗauki zafin da ya kamata. Injin mai sanyi kuwa ƙarin fetur yake sha.

Ko a Amurka an yi ƙorafi. A 2013 Honda ya yi sulhu da masu motoci da suka kai ƙara kan cewa injin VCM yana ƙona baƙin mai, yana ɓata fulogi.

Saboda haka, duk mai niyyar aika mota gida ya sa a duba ta da kwamfuta, a kwance fulogi a gani, a tabbatar tamostat na nan. Sa'an nan ya gargaɗi wanda zai karɓa ya riƙa zuba baƙin man da littafi ya faɗa, ya yi juye a kan lokaci. In ba haka ba, abin da aka rage a gidan mai a gareji zai ƙare. Allah Ya sa a saya a sa'a, amin.