Sayen tsofaffin sulalla: Yadda wanda ba gwani ba zai kare aljihunsa

Akwai wani kuɗin azurfa da kakanninmu suka sani da sunan liyari, mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda ya yi yawo a kasuwannin Borno da Sudan da Habasha. Kusan duk wanda ka ɗauka za ka ga an rubuta 1780 a jikinsa, kuma da wannan shekarar ce wasu dillalai ke yaudarar sabon shiga. A 1780 sarauniyar ta rasu, amma aka ci gaba da buga kuɗin da shekarar nan ba a sauya ba, a Biyana da Landan da Rum da Bombay, har yau ma ana bugawa a Biyana. Shekarar da ke jiki ba ta nuna tsufa.

Haka batun yake ga kwabo da ɗari da anini masu huda na 1936, masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a watan Disambar shekarar. Labarin na gaskiya ne, yana kuma da daɗin ji, sai dai an buga miliyoyinsu domin Afirka ta Yamma, don haka farashinsu bai taka kara ya karya ba.

Wanda ba gwani ba ya bar sauraron labari, ya koma ga awo. Liyari na gaske nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, faɗinsa wajen milimita 40, kashi 83 cikin ɗari kuma azurfa. Ƙaramin ma'auni irin na masu sayar da gwal ya isa ya tona asirin jabu da yawa. Maganaɗisu ba ya kama azurfa. Idan ya kama, magana ta ƙare. Amma rashin kamawa ba shaida ba ce, domin tagulla da dalma ma ba ya kama su.

Idan kuɗin da za a kashe mai yawa ne, masu tarawa a Turai da Amurka kan dogara da kamfanonin tantancewa irin su PCGS, wanda aka kafa a 1986, da NGC na 1987. Suna duba sulen, su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi cikin roba mai lamba. Ita ma robar ana yin jabunta, saboda haka a shigar da lambar a shafin kamfanin na intanet, a gwada hoton da ke can, in akwai, da abin da ke hannu.

Kafin biya, a nemi sanin nawa aka sayar da irinsa a gwanjo, ba nawa ake yi masa kuɗi ba, sannan a ƙulla sharaɗin mayarwa a rubuce. Sulen da ke walƙiya fiye da kima kuwa a yi hattara da shi: goge tsohon kuɗi yana kankare fuskarsa, darajarsa ta faɗi a wurin masana.