Kiwon Gida a Agadas: Yadda Za a Tsallakar da Tumaki, Awaki da Kaji Zuwa Damina

A ƙasar Agadas, akuya da tunkiya da kaza su ne asusun talaka. Ranar suna a kama rago, ranar rashin lafiya a kai ɗan taure kasuwa, in baƙo ya sauka a yanka zakara. Daga unguwannin birni har zuwa garake na Timiya, Tabelot da Iferwan a cikin duwatsun Abzin, da wuya a shiga gidan da ba a jin kukan akuya. Sai dai kiwo a nan ba irin na kudu ba ne. Ruwan da Agadas ke samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuli da Satumba. Sauran watanni tara, dabba tana rayuwa ne da tanadin mai ita.

Tanadin abinci

Dattawa ba su manta da farin 1973 da 1974 ba, balle na 1984, lokacin da garkuna suka ƙare, iyalai suka kwararo cikin gari hannu rabbana. Darasin da aka ɗauka shi ne: lokacin ciyawa ake shirin lokacin rashinta. Da zarar damina ta ɗauke, a yanki ciyawa tun tana da sauran kore, a shanya ta a inuwa, a ɗora ta a kan rufin ɗaki ko rumfa inda gara da dabbobi ba za su kai gare ta ba. Harawa da dusa da ake kawowa daga kudu sun fi araha bayan kaka, suna kuma tsada a bazara. Mai hali ya saya da wuri. 'Ya'yan gawo da na ƙirya abinci ne mai gina jiki, yara na iya tsinto su a adana cikin buhu. Masu garka kuwa kada su ƙone karan masara da ganyen kayan lambu: a ba dabbobi, su kuma su mayar da taki.

Watannin Afrilu, Mayu da Yuni su ne masu kisa. Wanda yake da awaki goma, alhali abincin shida kawai ya tanada, gara ya sayar da huɗu tun suna da ƙiba da ya jira su rame duka. A fara da tsofaffi, da mazan da suka yi yawa, da macen da ba ta haihuwa. Akuya da tunkiya suna ɗaukar ciki wata biyar. A makonni shida na ƙarshe ɗan cikin ya fi girma, don haka mai ciki da mai shayarwa su ne za a fifita wajen dusa.

A shayar da su ruwa mai tsabta safe da yamma. A ajiye musu gishiri ko kanwa su riƙa lasa. Allah Ya hore wa ƙasarmu gishirin Bilma da na Tegidda, kuma saboda gishiri ne makiyaya ke haɗuwa a Ingal kowane watan Satumba. A cikin gari kuma a kula da leda. Akuya mai yunwa tana haɗiye ta, ledar ta dunƙule a tumbi, dabbar ta yi ta ramewa ciki a kumbure har ta mutu.

Rigakafi ya fi magani

Babbar annobar tumaki da awaki ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira PPR. Alamunta su ne zazzaɓi, majina, kwantsa a ido, gyambo a baki, tari da zawo. In ta shiga garken da ba a yi wa allura ba, tana iya kashe fiye da rabi. Ba ta da magani, amma allura guda tana kare dabba har shekara uku. A 2015 ƙasashen duniya suka taru a Abijan suka ɗaura aniyar kawar da ita nan da 2030, kamar yadda aka kawar da bushiya ta shanu a 2011. Idan ma'aikatan kiwo suka fito allura, a kai kowace dabba da ta kai wata uku. Ɓoye wasu saboda tsoron ƙidaya cutar kai ce.

Dabbar da aka sayo a kasuwa, kada a haɗa ta da na gida nan take. A ɗaure ta a turke dabam na mako biyu ko uku, a ga lafiyarta. A ba garke maganin tsutsar ciki a farkon damina da ƙarshenta, bisa shawarar likita, a kuma guji ƙwayoyin da ake tallarsu cikin rana.

Lafiyar dabba tana haɗe da lafiyar iyali. A 2016 wani zazzaɓi da ake ɗauka daga dabbobi ya ɓulla a yankin Cintabaraden na jihar Tawa, ya kashe dabbobi da mutane. Saboda haka a tafasa madara kafin a ba yara ko a yi cuku. Idan akuya ta yi ɓari, kada a taɓa ɗan ko mahaifar da hannu tsirara, a binne su da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Mace mai ciki ta nisanci wannan aiki. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baya, ba a feɗe ta, sai a sanar da ma'aikatar kiwo.

Kaji da zabi

Kiwon kaji yawanci na mata ne da yara, kuma shi ya fi saurin kawo kuɗin cefane. Kaza tana ƙyanƙyasa a kwana 21, ƙwan zabo kuwa yana kai kwana 28, shi ya sa ake sa wa kaza ta kwanta a kansa. Abin da ke share kaji a lokacin sanyin hunturu shi ne annobar da ake kira Niyukasil: kaza ta takure, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe. Akwai rigakafinta mai araha, na allura da na ɗigawa a ido. A yi shi kafin sanyi ya shigo, a maimaita yadda likita ya ce. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa, kada a ci, kada a kai kasuwa, domin murar tsuntsaye ta taɓa shigowa Nijar ta Magarya a 2006.

A yi musu akurki mai iska a cikin inuwa, a share shi kowane mako, a barbaɗa toka saboda ƙwari. A kife 'yan tsaki cikin kwando a makonnin farko, shirwa ba ta barci. Ƙwai kuma kada a kai kasuwa duka: yaron da ke samun ƙwai da madara ya fi ƙarfin tamowa.

'Yan uwa makiyaya, kafin watan nan ya ƙare, kowa ya ƙirga dabbobinsa, ya ƙirga damman harawarsa, ya tambayi ranar allura a wajen mai unguwa ko ma'aikacin kiwo. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana abin da muke kiwo.