Gasasshen Dutsen Da Ke Narkewa Ya Bar Ƙashi A Gurbinsa

Duk wanda ya taɓa juya takardar naira 20 ya ga hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya. Garinsu Kwali yana cikin yankin Abuja, kuma har gobe ana ajiye da tukwanenta. To, akwai wani ɗan'uwan tukunya wajen shiga wuta wanda likitocin ƙashi ke neman akasin haka gare shi, watau a dasa shi a jikin mutum ya narke ya ɓace.

Maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi, musamman direbobi da fatake masu bin hanyar Lokoja zuwa Abuja. Karaya iri-iri ce. Akwai wadda ɗori ke haɗawa, akwai kuma wadda ƙashi ke rugurgujewa har wani yanki ya fita, irin waɗanda ake kaiwa Cibiyar Kula da Masu Munanan Raunuka ta Asibitin Ƙasa da ke Abuja, wadda aka buɗe a 2014. In gurbin ya yi faɗi, ƙashi ba ya iya haɗewa da kansa. Sau da yawa sai likita ya yanko wani daga ƙugun majiyyaci ya cike, ciwo ya zama biyu ke nan.

Neman maye gurbin ƙashi ya daɗe. Tun 1892 wani likitan Jamus, Dreesmann, ya cike ramin ƙashi da farin garin nan da ake yin simintin karaya da shi. Aibinsa gaggawa: cikin 'yan makonni ya narke, wani lokaci tun sabon ƙashi bai iso ba. Wani kuma mai suna haidroksiafatait, wanda shi ne ainihin ma'adinin ƙashinmu, sai ya shekara da shekaru yana zaune. Na ukun, tirikalsiyam fosfet, yakan ɗauki watanni zuwa shekara guda da wani abu. Abin da ake nema shi ne wanda zai riƙa janyewa daidai yadda ƙashi ke tsirowa.

Yaya ake ganewa? Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 10993-14 ta tanadi gwaji biyu. A auna nauyin abin, a jiƙa shi sa'o'i 120 a zafin digiri 37, watau ɗumin jikin mutum. Ruwa na farko mai tsamin lemo ne, don a matsa masa. Na biyu kuwa tsaminsa daidai da na jini. Bayan nan a tace, a busar, a sake aunawa, a kuma bincika abin da ya zuba cikin ruwan.

Amma fa kwalba ba jiki ba ce. Cikin jiki akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu cin tsohon ƙashi, su ma suna gaigayar abin da aka dasa. Saboda haka dole a gwada a jikin zomaye ko tumaki, ana ɗaukar hoton ƙashin wata bayan wata.

Abin da zai ba mahautan Agege mamaki shi ne, masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gasa ƙashin shanu da na tarwaɗa sun fitar da haidroksiafatait. Kafin irin wannan ya shiga kasuwa sai ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje, kana hukumar NAFDAC, mai hedkwata a Wuse cikin Abuja, ta yi masa rajista.