Yadda Kwamfuta Ke Warware Lissafi da Sitak

Duk wanda ya koyi lissafi ya san amsar 3 + 4 × 2 ita ce 11, domin ana yin ninkawa kafin tarawa, amma manhajar da ke karanta alamomi ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama tana iya haɗa 3 da 4 tun ba ta kai ga alamar ninkawa ba, ta fitar da 14. Abin da take buƙata shi ne wurin jingine aikin da lokacinsa bai yi ba, kuma wannan wuri shi ake kira sitak, wato ma'ajiya mai ƙofa ɗaya, kamar kwanukan da aka ɗora ɗaya kan ɗaya, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Friedrich Bauer da Klaus Samelson na birnin Munich a Jamus sun nemi rajistar wannan dabara a 1957.

Aikin yana sauƙi ƙwarai idan aka sa alama bayan lambobinta, tsarin da ya samo tushe daga salon da masanin manɗiƙi ɗan Poland, Jan Łukasiewicz, ya ƙirƙira a 1924, ko da yake shi a gaba yake sa alamar. A wannan tsari lissafin ya koma 3 4 2 × +. Manhaja za ta ɗora 3, ta ɗora 4, ta ɗora 2. Da ta ci karo da × sai ta sauke 2 da 4, ta ninka, ta mayar da 8. Da ta iso + sai ta sauke 8 da 3, ya rage 11 kaɗai. Babu buƙatar baka-biyu ko ɗaya. Hanyar juya rubutu na yau da kullum zuwa wannan tsari kuwa, Edsger Dijkstra ya bayyana ta a 1961, inda alamomi ke jira a sitak har sai wadda ba ta fi su ƙarfi ba ta iso.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne ɗebewa da rabawa, domin lambar da aka fara saukewa ita ce ta hannun dama, don haka 9 3 − yana nufin 9 a ɗebe 3, wanda ya juya su kuwa zai sami −6 ba tare da kwamfuta ta yi masa gargaɗi ba. Wajibi ne kuma manhaja ta ƙi karɓar lissafin idan alama ta iso ba ta tarar da lambobi biyu ba, ko idan aka gama karantawa lamba fiye da ɗaya ta saura a sitak.