Ragowar abinci: kada mu bari ta zama juji

Damina ta kusa, kuma a lokacin ne juji ke zama masifa a sansani. Ragowar tuwo da ruɓaɓɓen tumatir da ake zubarwa a bayan tantuna suna tara ƙudaje da ɓeraye. Ƙudan da ya tashi daga juji shi ne zai sauka a kwanon yaro, daga nan sai gudawa. Ruwan sama kuma yana iya kwasar ƙazanta zuwa inda muke ɗibar ruwan sha.

Mun san rabon abinci ba ya wadatarwa, don haka a dafa daidai cikin mutanen gida. In tuwo ya kwana, a rufe shi, da safe a ɗumama shi har zafi ya ratsa cikinsa. Wanda ya yi tsami ko yauƙi kada a ba yara. Ƙanzo kuwa a shanya shi, kamar yadda iyayenmu suka saba.

Abin da ba zai ciwu ba, a raba shi da leda tun daga madafi. Akuya kan haɗiye leda mai ƙanshin miya, ta toshe mata ciki har ta mutu, kuma leda ba ta ruɓewa a ƙasa.

Ɓawon kayan miya da na rogo taki ne. Gidaje huɗu ko biyar za su iya haɗuwa su haƙa rami mai zurfin gwiwa, nesa da rijiya da aƙalla mita 30. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko kara, a zuba ɓawon, a barbaɗa toka kaɗan da kashin awaki, sannan a rufe da ƙasa. Rufewar nan ita ce ke hana ƙuda, kada a yi ganda da ita. A riƙa yayyafa ruwa ya yi danshi, amma kada ya jiƙe sharkaf, a kuma juya shi duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, wari ya ɗauke, sai a kai wa kuɓewa da zogale.

Busasshen tarkace ma yana da amfani: a sansanin Minawao na Kamaru, ’yan gudun hijira suna yin gawayin girki da ɓawon gyaɗa da totuwar masara.

Ƙashi, nama da mai ba sa shiga ramin, don suna jawo karnuka da ɓeraye. Su da leda a kai su wurin tara shara na unguwa. Kada a ƙone su kusa da tantuna.