Yaushe Ya Wajaba Ɗan Dambe Ya Kwance Zare?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magama, inda hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa ƙasar Jibiya ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, ya san cewa da wuya buhun gero, ko garken shanu, ko tsohuwar mota su ƙetare wannan iyaka ba tare da wani ma'aikaci ya tsai da su ya nemi takardunsu ba. Amma ɗan dambe, wanda abin da yake ɗauke da shi a cikin ƙoƙon kansa ya fi waɗannan duka daraja da saurin lalacewa, yakan wuce ba mai tambayarsa komai. Saurayi zai sha kisa a wani fage na Katsina ko na Zamfara, har sai an yayyafa masa ruwa kafin ya farfaɗo, ya kwana biyu ko uku, ya shiga mota, sai ga shi yana sa zare a ƙasar Maraɗi, gaban jama'ar da ba su ga faɗuwarsa ba, kuma ba wanda ya ba su labarinta. Wannan ne ya sa na ga ya kamata a tattauna mas'alar da masoya dambe suke kauce mata, wato ko wanda aka yi ta bugewa ya cancanci a bar shi ya ci gaba.

Kafin a yi hukunci, wajibi ne a rarrabe abu biyu da harshenmu ya haɗa cikin kalma ɗaya. A ƙa'idar dambe, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, ko da kuwa santsi ne ya kwashi mutum, ko tura ce ta kai shi. Irin wannan kisa ba ya barin komai sai ɓacin rai, kuma babu ɗan damben kirki, na Kudu ne ko na Arewa, na Jamus ko na Guramaɗa, da bai sha shi ba. Akwai kuma kisa na biyu, wanda naushi yakan sauka a muƙamuƙi, ƙafafu su saki, ido ya juye, mutum ya tafi ƙasa kamar an sare karan dawa, sa'an nan ya tashi yana tambayar turmi na nawa ake. A kan wannan na biyun nake magana, da kuma ɗan'uwansa da ya fi shi ɓoyuwa, wato wanda bai faɗi ba, alhali ya gama turmi uku bai san inda yake ba.

Likitoci sun bayyana yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙashi ba, tana zaune ne cikin wani ruwa, taurinta kuwa bai fi na kindirmon da ya kama ba. Idan hannun da aka naɗe da zare har ya zama kamar dutse ya sami haɓa, sai kai ya juya farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta biyo baya a makare, ta murɗe, ta bugi bangon ƙoƙo, siraran jijiyoyin da suke kai saƙo daga sashe zuwa sashe su miƙe fiye da ƙima, wasu su tsinke. Suman da ake gani alama ce ta wannan girgiza. Sau da yawa kuma akan ƙara da bugu na biyu, lokacin da ƙeya ta sami busasshiyar ƙasa. Ƙwaƙwalwar da aka girgiza tana bukatar makonni kafin ta daidaita, kuma a cikin waɗannan makonni naushin da a da ba zai yi mata komai ba yana iya kumbura ta, ko ya fasa jijiyar jini a ƙarƙashin ƙashi.

Illar da take zuwa daga baya ita ce ta fi ban tausayi, domin a hankali take shigowa. A shekarar 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta sifar tsofaffin 'yan damben Turawa da ya lura da su: harshe ya yi nauyi, hannu yana rawa, tafiya kamar ta mashayi, alhali ba su sha komai ba. A 1973 likita Corsellis da abokan aikinsa a Ingila suka binciki ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan dambe 15 bayan rasuwarsu, suka ga ɓarnar da idonsu. Sa'an nan a 2005 wani ɗan ƙasarmu, Bennet Omalu, ya nuna irin wannan cuta a ƙwaƙwalwar wani ɗan ƙwallon Amurka. Mu kuwa a nan, idan muka ga tsohon ɗan dambe yana mantuwa, ko yana saurin fushi da iyalinsa, mukan ce sammu aka yi masa, ko wani maganin da ya sha a ƙuruciya ne ya juyo kansa, sai a tafi neman makari, a bar ainihin sababin.

Akwai darasi cikin ƙissar Hogan Bassey, mutumin Kalaba, wanda ya zama zakaran duniya a damben zamani a birnin Faris a 1957. A 1959 Davey Moore ya karɓe kambun daga hannunsa, aka sake haɗa su a shekarar nan, ya sake rinjayarsa, kuma duka biyun ba a kai ƙarshen wasan ba. Bassey, yana ɗan shekara 27 kacal, ya ajiye safar hannu, ya koma horar da matasa, ya rayu har 1998. Shi kuwa Moore, a 1963 ya faɗi a wata karawa, ya tashi, ya yi magana da 'yan jarida da hankalinsa, sa'an nan ya suma a ɗakin sauya tufafi, bai sake farfaɗowa ba. Ajali na Allah ne, babu mai jayayya. Amma wannan 'yar tazara da mutum yakan yi zance lafiya lau alhali ciwon yana girma a cikin kansa, ita ce abin da kowane ubangidan ɗan dambe ya kamata ya haddace.

To, me ya sa ba za a bar wa mai kan ya yanke wa kansa shawara ba? Domin kuwa gaɓar da zai yi tunanin da ita, ita ce ta sami rauni. Kuma ko da lafiyarta ƙalau, duk abin da yake kewaye da shi kira yake yi ya koma. Tun zamanin da mawaƙi Ɗan'anace yake wasa ɗan dambe Shago, makaɗi aikinsa ke nan ya tsima mutum har ya manta da tsoro, kuma wanda ya ji kalangu na kiran sunansa da na ubangidansa, ga 'yan kallo suna liƙi, ga babur ko mota an ajiye a gefen fage, ba zai iya cewa kansa na ciwo ba. A haɗa da halin da ƙasar Jibiya ta shiga, inda aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ga 'yan bindiga sun hana mutane da yawa gonakinsu. Saurayin da damtsensa ne jarinsa, idan aka ce masa ya huta wata guda, tambayar da zai fara yi ita ce wa zai ciyar da gidan. Tambaya ce ta gaskiya, kuma duk wanda zai hana shi, wajibinsa ne ya amsa ta.

Malamanmu na usulu, irin su Imam Gazali da Shaɗibi, sun lissafa larurori biyar da shari'a ta zo don kiyaye su, kuma rai da hankali suna cikinsu. Hanin bugun fuska sananne ne a hadisi, har majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1987 ta haramta damben zamani saboda cutarwar da ke cikinsa. Na bar wa malamai hukuncin damben gargajiya. Abin da na ce kawai shi ne, ko wanda yake ganin halascinsa ba shi da hujjar da zai mai da wanda ya suma jiya cikin fage yau, tun da a nan cutar ta tashi daga zato ta zama yaƙini, jiki kuwa amana ne a hannun mai shi.

Hukumar damben 'yan sha'awa ta duniya ta daɗe da ƙa'ida mai sauƙi: wanda aka buge ya huta kwana 30 a ƙalla, wanda aka buge sau 2 cikin wata 3 ya huta kwana 90, wanda kuwa aka buge sau 3 cikin shekara ya huta shekara cur. A ra'ayina, wanda ya kai ga na ukun, ko wanda danginsa suka fara jin harshensa ya sauya, ya kwance zare ke nan har abada, a ba shi alƙalanci ko horar da yara, a ware masa wani kaso daga kuɗin ƙofa, makaɗa kuma su ci gaba da yi masa kirari yana zaune, don kada janyewarsa ta zama abin gori. Wannan ba ya bukatar doka daga Abuja ko Yamai. Littafi guda ya isa a hannun kowane sarkin dambe, da wayar da ke aljihunsa, ta yadda na Katsina zai sanar da na Maraɗi kafin motar ta isa Magama.

Daren da aka yi kisan kuwa, kada a bar yaro ya kwana shi kaɗai. In ya yi amai, ko ciwon kai ya yi ta ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya faɗi, to, kada a jira asuba, kada a tsaya jiƙo. Daga Jibiya zuwa babban asibitin Katsina ya haura kilomita 40, kuma gara a kama hanya tun yana iya faɗin sunansa.