Kirsimeti: yadda wanke hannu zai kare iyalinku daga gudawa da mura

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, gidajen Sabon Tasha, Narayi, Barnawa da Kakuri cika suke yi da baƙi. Ana musabaha a majami'a, yara na yawon Kirsimeti gida-gida suna cin shinkafa, wasu kuma na cunkoso a tashar Television don tafiya Kafanchan ko Zonkwa. Ga hunturu, lokacin mura da tari. Ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa, taifot da kwalara daga bayan gida suke fitowa, kuma hannu na cikin manyan hanyoyin da suke bi su kai baki. Bincike ya nuna wanke hannu da sabulu na rage gudawa da kusan kashi 30 cikin 100, cututtukan numfashi kuma da kusan kashi 20.

Babbar matsalar ita ce robar ruwa guda da ake zagayawa da ita kafin a ci abinci. Baba ya tsoma hannu, baƙi su tsoma, sai a miƙa wa yara. Wanda ya zo ƙarshe, dauɗar kowa ya shafa, kuma yawanci shi ne ƙaramin gidan, wanda gudawa ta fi saurin kayarwa. Ku sauya tsarin: mutum ɗaya ya riƙe buta yana zuba ruwa, robar ta zama ta tarar ruwan da ya zuba kawai. Ko da ruwan saye kuke yi wurin 'yan garuwa, buta ɗaya za ta ishi mutane da dama, domin ba a zuba ruwa yayin cuɗawa.

A jiƙa hannu, a sa sabulu, kowane iri ne. A cuɗa tafi da baya, tsakanin yatsu, babban yatsa da ƙarƙashin farce, na akalla daƙiƙa 20. Idan babu agogo, ku faɗi Addu'ar Ubangiji a zuci ba tare da gaggawa ba, lokacin zai yi daidai. A ɗauraye, a bar iska ta busar. Tsumma ɗaya da kowa ke gogewa da shi yana mayar da aikin baya.

Masu girki su ne suka fi kowa ɗaukar nauyi. Mama ko 'yar Zumuntar Mata da ke dafa wa jama'ar coci, hannunta na shiga abincin mutane da yawa. A wanke bayan fige kaza ko gyaran kayan ciki, kafin a taɓa kabeji, tumatir ko cincin, domin waɗannan ba za su sake ganin wuta ba. Haka bayan fitowa daga banɗaki da bayan wanke wa yaro kashi. Wanda ke gudawa kada ya yi girki, ko da shi ne gwanin gidan.

Wani zai kawo Bisharar Markus sura ta 7, inda Farisiyawa suka zargi almajiran Yesu da cin abinci ba su wanke hannu ba. Gardamar can ta al'adar tsarki ce da abin da ke ƙazantar da zuciya, ba ta ƙwayoyin cuta ba. Ikilisiya ma ta sha ɗaukar mataki: a 2014, lokacin Ebola, cocin Katolika a Legas ya dakatar da musabahar salama. A wannan biki ba sai an hana gaisuwa ba. Ya isa a ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofa, masu raba Jibin Ubangiji kuma su wanke hannu kafin su fara. A mota, sanitaiza mai alkohol kashi 60 ko fiye zai taimaka, amma ba ya aiki sosai a hannu mai maiƙo ko datti.

Idan yaro ya fara gudawa, ku ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In ya kasa sha, idanunsa suka faɗa, ko kuka ga jini a kashinsa, kada ku jira biki ya wuce. Ku kai shi asibiti mafi kusa, kamar St. Gerard ko Gwamna Awan da ke Kakuri, ko da ranar 25 ga Disamba ce.